Famfon Ruwan Mota: Ana Canza Shi, Ana Barin Abin da Ya Kashe Shi

Daga ƙarshen watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana a Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, duk wanda ya bi manyan hanyoyin Arewa zai riƙa cin karo da abu guda: mota a gefen titi, bonet a ɗage, tururi na tashi, fasinjoji sun watse neman inuwa, yaron mota ya ruga cikin ƙauye da jarka. Ka tambayi direba, amsarsa gajeriya ce: “Obahitin ta yi.” In an ci sa'a, a jira ta huce, a ɗura mata ruwa, a lallaɓa zuwa gari. In ba a ci ba, sai janwe, sannan bakanike ya buɗe ya ce gasket ya ƙone, ko kan inji ya lanƙwashe.

Ba kowane obahitin ba ne laifin famfon ruwa. Lagireto yana toshewa, fanka tana mutuwa, tiyo yana fashewa, murfi yana saki. Sai dai waɗannan duk ido na ganin su da zarar an ɗaga bonet. Shi kuwa famfo yana can maƙale a jikin inji, a wasu motocin ma a bayan murfin tayimin, ba mai tuna shi sai ranar da ya ƙi aiki. Abin da na lura da shi a garejojinmu shi ne, ranar da aka gano laifinsa ne, sai a kwance shi a jefar, a ɗaura wani, a cika lagireto da ruwan duron gareji, a karɓi kuɗin aiki, kowa ya kama gabansa. Da wuya a tsaya a tambayi abin da ya kashe na farkon. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba, don bayan shekara ɗaya ko biyu mai motar zai dawo da ƙorafi iri ɗaya, ya ɗora laifin a kan “kayan yanzu”. Kayan yanzu suna da nasu laifin, zan zo kansu. Amma abin da aka ƙera don ya yi kilomita 100,000 ko fiye, idan a hannunmu yana mutuwa a rubu'in haka, ai ba a kasuwa kaɗai matsalar take ba.

Abin da ke cikinsa

Daga cikin man da inji ke ƙonawa, bai fi kashi ɗaya cikin uku ba ne ke zama ƙarfin juya taya. Kusan wani kason kamar haka yana fita ta salansa. Ragowar zafin ƙarfen injin ne ke shanye shi, kuma dole a samu abin da zai kwashe shi ya kai waje, in ba haka ba cikin 'yan mintuna fistin zai kumbura ya cije. Ruwa ne ke wannan dako. Yana bi ta hanyoyin da aka bar masa a cikin bulok da kan inji, ya ɗebi zafi, ya fita ta tiyon sama zuwa lagireto, iska ta fifita shi, ya dawo ta tiyon ƙasa. Famfo ne ke kora shi a wannan zagaye.

Da can ba kowace mota ke da shi ba. Ford Model T ta 1908, in aka cire 'yan na farko-farko, ba ta da famfo: ruwan da ya yi zafi ne ke tashi sama da kansa, mai sanyi ya maye gurbinsa, kuma hakan ya ishi inji mai ƙarfin doki 20. Volkswagen Beetle da aka riƙa haɗawa a Legas a shekarun 1970 ko lagireto ba ta da shi, iska ke sanyaya ta. Tsofaffin bakanikanmu kuwa a kan Peugeot 504 suka goge, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Famfonta yana gaban inji, fanka a hancinsa, fambel ke juya shi, yaron gareji mai wayo zai canza shi kafin oga ya dawo daga sallar Azahar. Yawancin ɗabi'un da muke yi wa motocin yau daga wancan zamanin muka gado su, alhali injin ya canza.

In ka ɗauki famfo a hannu, ba wani abin mamaki a jikinsa. Gida ne na alminiyam, sandar ƙarfe ta ratsa tsakiyarsa tana juyawa a kan boris. A ƙarshenta na waje akwai fulin da bel ke ja, a na ciki akwai farfela mai fukafukai da ke zaune cikin ruwa. Farfelar na juyawa, ruwa na shiga ta tsakiyarta, tana watsa shi gefe da ƙarfi zuwa cikin bulok. Tsakanin farfela da boris akwai sil, kuma a nan ran famfon yake. Zobba ne guda biyu masu santsin gaske, ɗaya na juyawa da sanda, ɗaya na tsaye, sifirin na matse su fuska da fuska. Ba mai a tsakaninsu, ba giris. Ruwan da ke zagayawa shi ne ke jiƙa su yana sanyaya su. Saboda haka duk abin da ke cikin ruwan nan, tsatsa ce ko yashi, ta tsakanin zobban zai bi yana karce su. A ƙarƙashin gidan kuma akwai wani ɗan rami da maƙera suka bari da gangan, domin in sil ya fara saki ruwan ya ɗigo waje maimakon ya shiga boris ya wanke masa giris.

Ruwan duro

Ka ce wa direban haya ya sayi kulan, zai yi maka dariya. “Malam, ai wannan na ƙasar ƙanƙara ne. Mu nan me zai daskare?” Yana da rabin gaskiya. Sinadarin etilin gilaikol da ke cikin kulan, babban aikinsa a Turai hana daskarewa ne, kuma tsagwaron ruwa ya fi shi iya ɗaukar zafi. Abin da direban bai lissafa ba shi ne sauran magungunan da ke cikin jarkar, masu hana tsatsa da hana alminiyam zagwanyewa. Injin yau taron ƙarafa ne: alminiyam, baƙin ƙarfe, wani lokaci da tagulla, duka a jiƙe cikin ruwan zafi guda. In ba maganin nan, cin juna suke yi. Shi ya sa in an buɗe murfin lagireton yawancin motocin haya za a ga ruwan ja-ja ne, launin ƙasa.

Na ga famfon wata bas da aka ciro, fukafukan farfelarsa sun cinye saura ɗan kututture mai kaifi, duk jikin ya yi ƙuraje. Sandar tana juyawa lafiya lau, ba ƙara, ba yoyo, amma ba abin da take turawa. Mai bas ɗin ya riga ya canza lagireto, ya canza fanka, har ya sa an ƙara masa wata a gaba, kafin wani ya yi tunanin kwance famfon.

Ruwan rijiya da na burtsatse suna da nasu ciwon, musamman a inda ƙasa ke da farar ƙasa, irin kewayen Sakkwato. Farin ɓawon nan da ke taruwa a gindin butar shayi, shi ne ke taruwa a cikin siraran bututun lagireto da bakin sil. Fiya wata ma bai tsira ba. An tace shi don sha ne, ba a cire masa ma'adinai ba. Abin da ya dace shi ne kulan da aka riga aka gauraya, ko kuma mai kauri a haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa, wanda aka samo daga tururi. A kula: ba ruwan batir mai asid ake nufi ba.

Kulan ma yana tsufa. Tsohon samfuri, wanda galibi kore ne, shekara 2 ake ba shi. Mai ruwan hoda na Toyota kamfanin ya ba shi shekara 10 ko kilomita 160,000 a zubin farko, daga nan kuma duk shekara 5 ko kilomita 80,000. To motar tokumbo da ta shekara 12 a Amurka kafin ta sauka a Kwatano ko Legas, ka ga ta riga ta cinye wa'adin, kuma da wuya sabon mai ita ya tuna da shi, sai dai juyen baƙin mai. Launi kuma rini ne kawai, ba shi ne shaida ba. Akwai jarkoki a kasuwa da ba komai a ciki sai ruwa da kala, akwai kuma nau'o'i na gaske da ba sa jituwa in an cakuɗa su. Abin dubawa shi ne rubutun jikin jarka da abin da littafin motar ya ce.

Murfin lagireto ma yana da hannu a wannan kisan, duk da ƙanƙantarsa. Ruwa yana tafasa a digiri 100, a tudu irin na Jos ma tun wajen 96. Injin kuwa yana aiki ne tsakanin 85 zuwa ɗari da 'yan kai. Abin da ke hana shi tafasa shi ne matsin da murfi ke riƙewa. Lambar nan 0.9 ko 1.1 da ke rubuce a kansa ita ce ma'aunin, kuma da ita ruwan kan kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. In robar murfin ta mutu, ko an maye gurbinsa da leda da ƙyauro, matsi ya tafi. Daga nan sai ƙananan kumfa su riƙa tasowa a bakin farfela suna fashewa a jikinta, kowace fashewa tana ɓantarar ƙarfe kaɗan-kaɗan. Ƙurajen jikin famfon bas ɗin can, da yawansu aikin kumfa ne.

Gyaran gangar Auzinawa

Da zarar mota ta shigo ƙasar nan, shawarar farko da ake ba mai ita: “Alhaji, a cire tamostat, a haɗa fanka dairek, wannan ba don yanayinmu aka yi ba.” Ban san shawarar da ta fi wannan yaɗuwa ba, kuma ban yarda da ita ba. Motocin nan su ne ke yawo a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu a ciki. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin aiki, a yawancin Toyota wajen digiri 82, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. In ya buɗe, ya gama tsarewa. Lafiyayyen tamostat ba ya sa mota obahitin. A injuna da yawa ma yana da aiki na biyu: lokacin da ya buɗe hanyar lagireto, gindinsa ne ke rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma famfo kai tsaye. Ka cire shi, wannan hanya ta zauna a buɗe, wani kason ruwan zafi ya riƙa zagayawa bai taɓa leƙa lagireto ba. Da safe kuma, musamman da hunturu, injin ya daɗe bai ɗumama ba, kwamfutarsa ta yi ta ƙara masa mai. Da tsadar fetur ta yanzu, wannan kaɗai ya isa dalili. In tamostat ya cije, magani shi ne sabo.

Sai bel. A motocin da ake ɗaure fambel da hannu, za ka ga yaro ya sa ƙarfen cire taya ya banƙare altaneta iya ƙarfinsa don kada bel ya yi kuka. Kukan ya tsaya, amma duk nauyin ya koma kan boris ɗin famfo. Ƙa'idar da aka saba ita ce in ka danna tsakiyar bel da babban yatsa ya ɗan lotsa kamar santimita ɗaya.

Na uku shi ne gam. Akwai bakaniken da in bai lafta silikon ya tumbatsa ba, hankalinsa ba ya kwanciya. Wanda ya tumbatso waje ana gani a goge; wanda ya tumbatsa ciki kuwa ballewa yake yi ya bi ruwa, ya je ya toshe bututun lagireto ko ya maƙale a sil. Haka ƙwai da garin barkono da ake zubawa don tsayar da yoyo a hanya. Suna iya kai mutum gida, amma in ba a wanke su ba sun zauna ke nan.

Yana yin sallama kafin ya tafi

Mafi yawan famfuna ba sa mutuwar farat ɗaya. Alamar farko ita ce mota ta fara shan ruwa: kowane 'yan kwanaki sai an ƙara, kuma ba a ganin inda yake zuba. A haska tocila a ƙarƙashin famfon, wajen ɗan ramin nan. In an ga busasshen sawu, fari ko kore ko ruwan hoda, ya gangaro ya yi ɓawo, sil ya fara tafiya. Ɗan danshi kaɗan ba komai ba ne; ɗiga kuwa magana ce. Wani lokaci hanci ne ke riga ido, a ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi in an tsaya.

Alama ta biyu ƙara ce, gurnani ko ƙuu daga gaban inji, mai tashi da sauka tare da totur. Altaneta da fulin tenshina ma suna irin wannan kukan, don haka bakaniken kirki ba ya yanke hukunci da kunne daga nesa. Zai ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin kowannensu ya kara kunne a ƙotar, ko ya cire bel ya juya kowane fuli da hannu. Ya kama fulin famfo ya girgiza sama da ƙasa. In ya yi lako-lako, ko ana jin gargada yana juyawa, boris ya gama.

Yadda motar ke yin zafin ma yana ba da labari. Wadda allurarta ke hawa a goslo, in an samu hanya ta sauka, a fara zargin fanka. Wadda take lafiya a cikin gari, sai an hau babban titi ko an kama hawa irin na Hawan Kibo ta fara, ruwa ne ba ya gudu yadda ya kamata: ko lagireto ya toshe, ko farfela ta cinye. Wasu motocin Turai, irin Golf 4, sun zo da farfelar roba wadda kan tsage ta saki sanda. Irin wannan ba yoyo ba ƙara, sai zafi kawai. In hita tana aiki, a kunna ta: inji ya yi zafi amma iska mai sanyi ke fitowa, to ko ruwa ya yi ƙasa, ko ba ya zagayawa.

In abin ya faru a hanya, kuɗin da mutum zai kashe ya danganta da abin da ya yi a mintuna biyun farko. A kashe esi, a gangara, a kashe inji. “Bari in lallaɓa zuwa garin gaba” ita ce maganar da ta fi kowace cinye injuna, domin kan injin yau alminiyam ne, ba ya jure abin da baƙin ƙarfe ke jurewa. In fitilar batir ta kama tare da hawan allura, bel ne ya tsinke, famfo ya tsaya cak. Kuma kada a ruɗu in allurar da ta kai ja ta dawo ƙasa da kanta. Sau da yawa ruwan ne ya ƙare, na'urar auna zafin ta zauna a busasshe. Murfi kuwa kada a taɓa shi sai an ba shi aƙalla rabin awa. Ruwan da ke ƙarƙashinsa ya wuce zafin tafasa, ana sassautawa zai yi tsiri, kuma a kowace tasha za ka samu mai tabon wannan a hannu ko a fuska. Kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi ma yana iya tsaga shi.

A kasuwa

A Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, mai shago zai tambaye ka wanne kake so: orijinal, ko Beljiyam, ko mai sauƙi. A kayan mota da yawa Beljiyam ya fi sabon banza, ban musa ba. Ƙofa, giya, altaneta, duk za a iya saye. Amma ban da famfon ruwa. Abubuwa biyun da ke mutuwa a cikinsa, sil da boris, ba a ganin su daga waje, kuma famfon da ya yi watanni a bushe cikin kwantena ba wanda zai ce ga kwanakin da suka rage masa. Kamfanin Aisin, na rukunin Toyota, shi ke ƙera wa Toyota famfuna da yawa, kuma yana sayarwa da sunansa. Akwai GMB da Gates da wasunsu. Sai dai kwali ba shaida ba ne, tunda shi ya fi sauƙin kwaikwaya. A je da tsohon a hannu, a jera su: ramukan kusoshi, faɗin farfela da zurfinta, inda fukafukanta suka fuskanta, da haƙoran fuli in na tayimin ne. A juya sabon da yatsa. Na kirki yana da ɗan tauri, sumul, ba gargada. Wanda ke wulwulawa sakaka ba abin yarda ba ne. Araha dai ba ta ado, balle a abin da inji guda ya dogara da shi.

Ranar aiki

A ɗauki Corolla ta 2003 zuwa 2008, mai injin 1ZZ, tunda ta cika gari. Tata mai sauƙi ce, don sarƙa ce tayimin ɗinta, famfon kuma yana waje, dogon bel ɗin da ke ja altaneta shi ke jan sa. Sai inji ya huce sarai. A cire kan batir, a kwance ɗan matoshin zubar da ruwa na gindin lagireto a tari ruwan a roba. Kafin a cire bel a zana yadda ya bi, ko a ɗauki hotonsa da waya. An sha ganin oga da yaransa sun yi cirko-cirko a kan wannan. A danne tenshina, bel ya saki, a kawar da altaneta don hannu ya samu wuri. Kusoshi 6 ne ke riƙe da famfon, kuma ba tsayinsu ɗaya ba, don haka kowacce a san raminta. In ya ƙi fita a ɗan bubbuga shi da ƙotar guduma. Ba a cusa sukundireba tsakaninsa da inji a banƙara, don fuskar alminiyam ce, in ta karce ta karce ke nan.

A nan ne ake gane bakanike. Mai gaggawa zai ɗauko sabo ya manna. Mai hankali zai juya tsohon a hannu ya karanta shi. Tsatsa a farfela, ruwa ne. Ƙuraje, murfi ne ko iska na shiga. Boris ya mutu sil na da rai, a duba bel da tenshina. Guntayen gam, aikin wanda ya gabace shi ne. Sannan ya wanke injin da lagireto da ruwa mai tsabta har ya riƙa fitowa garau, tun kafin sabon famfo ya hau, don kada dattin shekaru ya fara da sabon sil. Ya goge mazaunin tas. Wannan famfon zoben roba ne ke rufe shi, ba ya son gam ko kaɗan. A shafa masa ɗan kulan a zaunar da shi. Kusoshin ƙanana ne, a cikin alminiyam suke shiga, a ɗaure su bi da bi, wannan gefe sannan wancan, da ƙarfin wuyan hannu. Wanda ya sa ƙarfin kafaɗa zai kwana yana haƙo karyayyar kusa. Tunda ruwa a zube yake, wannan ne lokacin sa sabon tamostat da sabon murfi, a kuma matsa tiyo a ji wanda ya yi laushi ko ya ƙandare.

Ruwan da aka tara kada a sheƙar da shi a ƙasa. Etilin gilaikol yana da zaƙi, kuma guba ne mai kashe ƙoda. Awaki da kaji na yawo a garejojinmu, yara ma haka. Ragowar sabon ma kada a ajiye shi a gorar lemo.

Inda famfo ke bayan tayimin

A wasu injunan lissafin ya bambanta. Camry mai 2.2, Accord ta kafin 2003, Honda da Toyota masu silinda 6 na wancan zamani irin Sienna ta farko da Lexus RX300, da Peugeot 406, duka tayimin bel ne ke juya famfonsu. Kafin a kai gare shi sai an kwance mazaunin inji, an cire fulin ƙasa, an buɗe murfi, an sauke bel ɗin. Wahalar ɗaya ce ko famfo za a canza ko bel, shi ya sa ake canza su tare, har da tenshina da fulolinsa. Mai mota kan ga kamar bakanike na son ƙara masa kashe kuɗi ne: “Ai famfon lafiyarsa ƙalau.” Ƙila haka ne yau. Amma in ya fara yoyo bayan wata shida, kuɗin aikin nan za a sake biya cif, ruwan kuma a kan sabon bel zai zuba. In boris ɗinsa ya cije kuwa, bel zai tsallake haƙori ko ya tsinke. A Camry 2.2 motar za ta mutu ne kawai a tsaya. A Honda da 406, fistin zai haɗu da bawul, magana ta koma ta sauke kan inji.

Toyota ta ba bel ɗin injin 1MZ, na Sienna da RX300 ɗin nan, mil 90,000. Honda ta ba na masu silinda 6 mil 105,000 ko shekara 7, amma ta rubuta a littafinta cewa inda ake yawan tuƙi a zafin da ya wuce digiri 43, a canza a mil 60,000. Wanda ke zaune a Nguru ko Birnin Kebbi ya san layin da ya shafe shi. A kuma tuna mitar motocin Amurka da mil take ƙirga, ba kilomita ba, in ma ba a taɓa ta ba kafin a sayar.

Akwai waɗanda suka fi haka wuya. Ford Edge da Explorer masu injin 3.5 da ke kwance a gicciye, famfonsu yana cikin inji, sarƙar tayimin ke juya shi. In ya lalace sosai, ruwan ba ƙasa yake zuba ba, cikin baƙin mai yake gangarawa. Mai irin wannan motar, in ruwa na raguwa ba ya ganin ɗiga, ya zaro ma'aunin mai ya duba: in ya ƙaru, ko launinsa ya koma fari-fari, kada ya sake tayar da ita.

Bayan an ɗaure komai, saura fitar da iska, kuma a nan aiki mai kyau kan lalace. Ba a tayar da inji famfo na bushe, ko na daƙiƙa kaɗan ne, don zobban sil za su ƙone. A zuba kulan a hankali, a murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, in da hali gaban motar ya ɗan fi bayanta tudu. Peugeot tana da 'yan kusoshin fitar da iska, sai an buɗe su har ruwa ya fito ba kumfa. A bar injin yana aiki har tiyon sama da na ƙasa su ɗauki zafi, fanka ta tashi ta tsaya sau biyu. (Wanda aka haɗa wa fanka dairek ya rasa wannan alamar ma.) Sabon famfo kan ɗan yi danshi a raminsa a farkon tashi kafin sil ya zauna, ba abin tsoro ba ne. Washegari da safe, inji na sanyi, a sake duba ruwan a cike gurbin iskar da ta fita, a kuma ci gaba da leƙawa har mako guda.

Sababbin da ke shigowa kuma sun zo da wani salo. Prius tun ta 2010, Camry ta 2018 mai 2.5, da BMW masu injin N52, famfonsu na lantarki ne: ba bel, ba fuli, kwamfuta ke ba shi umarni, wani lokaci ma a ji yana aiki bayan an kashe mota. Irin wannan yakan mutu ba ɗiga ba gurnani, don haka girgiza da kara kunne ba su da amfani a kansa, sai an jona na'urar bincike, kuma kafin a yanke masa hukunci sai ɗan rewaya ya duba fiyus da wayoyinsa. Fitar da iskarsa ma daban ce. A BMW ɗin, ana kunna makulli ba tare da tayar da inji ba, a kai hita ƙarshen zafi, fankarta a mafi ƙanƙanta, a take totur har ƙasa na daƙiƙa 10. Famfon zai tashi da kansa ya yi ta kora ruwa na wajen minti 12, don haka ake jona wa batir caja kafin a fara.